Agogon da ke buga wasa a ƙwallon jami'o'in Amurka

Ranar 12 ga Oktoba, 2024, a garin Eugene na jihar Oregon, saura daƙiƙa 10 a tashi wasan ƙwallon Amurka, wanda ake jifa da gudu da shi a hannu, tsakanin jami'ar Oregon da ta Ohio State. Masu masauki suna gaba da maki 32 da 31, ƙwallo kuwa yana hannun baƙi, waɗanda ba abin da suke nema illa su ɗan matsa gaba su buga shi tsakanin sanduna su kwashi maki uku. Sai Oregon ta turo 'yan wasa 12 cikin fili, alhali 11 doka ta yarda da su. Mai jifan Ohio State, Will Howard, ya jefa ƙwallo ba a cafe ba, alƙalai suka ci Oregon tarar yadi biyar kamar yadda aka tanada, amma daƙiƙa huɗun da suka salwanta ba wanda ya mayar da su, domin babu inda doka ta ce a mayar. A cikin shidan da suka rage Howard ya ruga da ƙwallon da kansa, ya zube ƙasa domin a tsayar da agogo, ashe lokaci ya riga ya cika. Da 'yan jarida suka tambayi kocin Oregon, Dan Lanning, bai ɓoye cewa sun taɓa yin atisaye a kan irin wannan yanayin ba. Kwana huɗu bayan wasan, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta fitar da sabuwar fassara: idan masu tsaro suka yi yawa a fili a cikin minti biyun ƙarshe, masu hari suna da zaɓin a mayar musu da agogo inda yake.

Mutane da yawa sun kira abin da Lanning ya yi maguɗi. Ni ban ga maguɗi a ciki ba, domin ya karya doka a bainar jama'a, ya kuma biya farashin da dokar ta sa, sai dai farashin ya yi arha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma waɗanda suka bar tsagar su ne masu rubuta dokoki, waɗanda suka daɗe suna ɗaukar dokar agogo a matsayin ƙaramin aikin tsara lokacin talabijin, alhali ita ce ke yanke irin wasan da za a buga, da irin ƙungiyar da za ta ji daɗinsa, da wanda zai iya farfaɗowa bayan an yi masa nisa. Tarihin shekara ashirin da suka wuce ya nuna cewa duk sanda suka taɓa agogo ba tare da sun tambayi kansu abin da koci mai wayo zai yi da gyaran ba, sai sun dawo suna yin faci.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa irin namu yana buƙatar ɗan bayani kafin ya ga girman maganar. A namu wasan agogo ba ya tsayawa, alƙali ne yake ƙiyasta abin da aka ɓata ya ƙara a ƙarshe, kamar yadda aka ga ƙari mai tsawo a gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022. A ƙwallon Amurka kuwa lokaci a ƙirge yake har zuwa daƙiƙa. Wasa zango huɗu ne, kowane zango minti 15, kuma ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi 10, idan ta ci a ba ta sababbin huɗu, idan ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Agogo biyu ne ke aiki a lokaci guda. Babban agogo shi ne mai ƙirga mintunan wasa, kuma yana tsayawa idan aka jefa ƙwallo ya faɗi ba a cafe ba, ko mai ɗauke da ƙwallo ya fita ta gefen fili, ko aka ci maki, ko ƙwallo ya sauya hannu, ko wata ƙungiya ta nemi tsaiko, wanda kowacce ke da guda uku kafin hutun rabin lokaci da wasu uku bayansa. Amma idan aka kayar da mai ɗauke da ƙwallo a cikin fili, babban agogo ci gaba yake yi da tafiya. Ƙaramin agogo kuma yana bai wa masu hari daƙiƙa 40 tsakanin yunƙuri da yunƙuri, kuma su ke da ikon tayar da ƙwallo a daƙiƙa ta goma ko su jira sai ta 39. Daga nan dabara take farawa, domin wanda ke gaba yakan ruga da ƙwallo ta ƙasa ya kuma cinye daƙiƙa arba'in ɗinsa cif, wanda ke baya kuwa jifa yake yi yana neman gefen fili, ko da ba shi ne salon da ya fi ƙwarewa a kai ba.

Lissafi mafi sauƙi a wasan shi ne na durƙusawa. Idan ƙungiya tana gaba, ta sami sababbin yunƙuri huɗu, abokan karawa kuma ba su da sauran tsaiko, to mai jifa zai karɓi ƙwallo ya durƙusa sau uku, kowanne ya ci daƙiƙa 40, minti biyu ke nan sun tafi ba tare da an taɓa kowa ba. Wannan ne ya sa tsaiko ɗaya a ƙarshen wasa yake daidai da daƙiƙa 40, kuma kocin da ya ɓarnatar da nasa a zango na uku saboda 'yan wasansa sun ruɗe wajen jeruwa, a ƙarshe yake gane abin da ya zubar. Duk da sauƙin lissafin, manya suna faɗuwa a kansa. Ranar 7 ga Oktoba, 2023, jami'ar Miami tana gaban Georgia Tech da maki 20 da 17, abin da ya rage bai kai daƙiƙa 40 ba, Georgia Tech kuma ba ta da tsaiko, wato durƙusawa ɗaya tak ta isa a tashi. Sai aka miƙa wa mai gudu ƙwallo, ya suɓuce masa, Georgia Tech ta ɗauka, kuma a daƙiƙoƙin ƙarshe Haynes King ya yi jifa mai nisan yadi 44 aka kai ƙwallo ƙarshen filin Miami aka ci maki shida, wasa ya ƙare 23 da 20. Kocin Miami, Mario Cristobal, ya taɓa yin kusan irin wannan a 2018 lokacin yana Oregon, a wasansu da Stanford, wanda shi ma suka rasa. A wannan karon ba za a ɗora wa doka laifi ba, domin ta ba shi nasara a hannu, shi ne bai karɓa ba.

Abin da ya fi burge ni game da agogon wannan wasa shi ne yadda yake zama makamin mai ƙaramin ƙarfi. Makarantun soja, irin su Army da Navy, ba sa iya ɗaukar 'yan wasa masu girman jiki da saurin da manyan jami'o'i ke samu, saboda sharuɗɗan shiga da kuma aikin soja da ke jiran ɗalibi bayan karatu. Saboda haka suka rungumi salon gudu da ƙwallo ta ƙasa, yadi uku yanzu, huɗu an jima, agogo yana ta zuba, gwanayen abokan karawa suna zaune a benci suna kallo. A watan Satumba na 2018 Army ta je gidan Oklahoma, wadda mai jifanta Kyler Murray ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a shekarar, ta riƙe ƙwallo na minti 44 da daƙiƙa 41 cikin minti 60, kuma sai da aka shiga ƙarin lokaci kafin Oklahoma ta sha da ƙyar da maki 28 da 21. Navy kuma a ƙarshen 2004 ta yi wa New Mexico farmaki ɗaya mai yunƙuri 26 wanda ya cinye minti 14 da daƙiƙa 26, kusan zango guda cur. Hikimar a bayyane take: idan kowace ƙungiya za ta riƙe ƙwallo sau 14, wadda ta fi ƙarfi za ta nuna fifikonta ko ba jima ko ba daɗe, amma idan aka rage zuwa sau bakwai, kuskure ɗaya ko sa'a ɗaya na iya juya sakamako.

Akasin wannan salon ya bunƙasa ne bayan 2008, shekarar da aka kawo ƙaramin agogo mai daƙiƙa 40. Kafin nan, sai alƙali ya ajiye ƙwallo ya ba da alama sannan a fara ƙirga daƙiƙa 25, wato saurin wasa yana hannun alƙali, kuma kowane ayarin alƙalai da irin nasa takun. Da aka koma 40, wanda yake farawa da zarar yunƙuri ya ƙare, sai ragamar ta koma hannun masu hari. An yi gyaran ne domin a daidaita tafiyar wasa, amma masu horarwa irin su Chip Kelly a Oregon da Gus Malzahn a Auburn suka ga wata ƙofa daban. Suka daina taruwa a da'ira don karɓar umarni, da zarar yunƙuri ya ƙare sai su sake jeruwa, har masu tsaro su rasa damar sauya waɗanda suka gaji, domin doka ba ta tilasta a jira su ba sai idan masu harin ne suka fara yin canji. Ƙaton da aka ɗauko domin ya tare hanya a yunƙuri biyu ya fita ya huta, sai ga shi yana haki a yunƙuri na takwas. Kocin Alabama na wancan lokacin, Nick Saban, wanda ya gina daularsa a kan irin waɗannan ƙattin da kuma sauya su bisa ga yanayi, ya fito a 2012 yana tambaya ko irin ƙwallon da ake so ke nan. A farkon 2014 kwamitin dokoki ya gabatar da shawarar hana masu hari tayar da ƙwallo sai daƙiƙa 10 sun wuce a ƙaramin agogo, da hujjar kare lafiyar 'yan wasa, Saban da Bret Bielema na Arkansas suna goyon baya, amma masu salon sauri suka yi caa, aka janye ta kafin a kaɗa ƙuri'a. A ganina janyewar ta yi daidai, domin an nemi a yi amfani da agogo ne a murƙushe wani salo don a ceci wani. A shekarar ce kuma Saban ya ɗauko Lane Kiffin ya damƙa masa harin Alabama, kuma ba a daɗe ba ita ma ta koyi gudun da take kuka da shi.

Akwai wata hanyar rage gudun masu sauri wadda ba zan kare ta ba, ita ce raunin ƙarya. Doka ta ce a tsayar da wasa idan ɗan wasa ya ji ciwo, kuma ba alƙalin da zai iya duban yaro a kwance ya ce masa ƙarya yake yi. A watan Nuwamba na 2010, a wasan da Oregon ta ci jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da maki 15 da 13, kyamara ta nuna wani mai tsaro yana tsaye garau, ya waiwaya benci, sannan ya faɗi yana riƙe da ƙafa. Jami'ar ta dakatar da mataimakin koci Tosh Lupoi na wasa ɗaya bayan ya amsa cewa shi ya ba da umarnin, kuma wani abin mamaki shi ne Lupoi ne kocin masu tsaron Oregon a daren 'yan wasa goma sha biyun nan. Bambancin abubuwan biyu yana da girma a wurina. Mai turo mutum na 12 ya yi laifi a fili an hukunta shi, mai kwanciyar ƙarya kuwa ya ci amanar dokar da aka yi domin jinƙai, ya kuma jawo 'yan kallo suna yi wa mai ciwon gaske ihu. Sai da aka shekara 15 ana kallon wannan kafin a 2025 a ce duk ƙungiyar da aka shigo duba ɗan wasanta bayan an riga an ajiye ƙwallo don yunƙuri na gaba, za a cire mata tsaiko ɗaya, idan ba ta da shi a ci ta tarar yadi biyar. Gyaran yana da kyau, ko da yake mai niyyar faɗuwa zai koyi faɗuwa da wuri ne kawai.

Misalin da ya fi fito da sakacin masu doka shi ne na 2006. A shekarar, domin a taƙaita tsawon wasa, aka ce babban agogo zai fara tafiya da zarar ƙafa ta taɓa ƙwallo a bugun farawa, ba sai mai karɓa ya taɓa shi ba. A watan Nuwamba, Wisconsin ta ci maki a kan Penn State saura daƙiƙa 23 a tafi hutu. Bielema, wanda a lokacin shi ne kocin Wisconsin, ya sa 'yan wasansa su tsallake layi da gangan kafin a yi bugun farawa da ke biyo bayan cin maki, aka busa laifi aka ce a sake, suka maimaita, aka sake busawa, kuma kowane bugu yana cin daƙiƙoƙin da ba a mayarwa, har aka wayi gari Penn State ba ta da lokacin yin komai. Dattijon kocinta Joe Paterno ya fusata ƙwarai, amma alƙalai ba su da abin yi. A 2007 aka soke dokar. Da a ce kwamitin ya zaunar da mataimakan koci biyar ya ce su nemo ramin da ke cikinta, da ba za su kai la'asar ba su gano shi ba.

Ba kullum suke kuskure ba. A ƙarshen Disamba na 2010, North Carolina tana bayan Tennessee da maki uku, lokaci yana ƙarewa, 'yan wasanta suka rikice, wasu na shiga wasu na fita, mai jifa ya doka ƙwallo da ƙasa domin ya tsayar da agogo alhali sun yi yawa a fili. Aka duba hoton bidiyo aka ga saura daƙiƙa ɗaya, aka ci su tarar yadi biyar, suka buga maki uku suka rama, suka kuma yi nasara a ƙarin lokaci da 30 da 27. Wato laifinsu ne ya cece su. Daga 2011 aka kawo dokar zaftare daƙiƙa 10 ga wanda ya yi laifin da ya tsayar da agogo a ƙarshen wasa. Wannan doka da fassarar 2024 tushensu ɗaya ne, cewa kada mai laifi ya ci ribar lokaci da laifinsa, kuma da tun farko an rubuta wannan a matsayin ƙa'ida ta gaba ɗaya, an bai wa alƙali ikon aiki da ita, da ba sai an jira wata ƙungiya ta yi asarar wasa ba kafin a toshe kowane rami. Daƙiƙa ɗaya kuwa ba abin rainawa ba ce a nan. A 2009 an mayar wa Teksas da daƙiƙa ɗaya ta buga maki uku ta doke Nebraska 13 da 12 ta wuce wasan ƙarshe na ƙasa. A 2013 Saban ya nemi a mayar masa da tasa daƙiƙar a gidan Auburn, aka mayar, bugun yadi 57 ya gaza kaiwa, Chris Davis ya cafe ƙwallon a can ƙarshen fili ya ruga da shi har ɗaya ƙarshen, Alabama ta faɗi 34 da 28.

Gyaran da na fi jayayya da shi shi ne na 2023. Tun 1968 ƙwallon jami'o'i yake da wata doka da ta bambanta shi da na ƙwararru na NFL: duk sanda masu hari suka ci yadi goma, a tsayar da babban agogo har a matsar da sarƙar awo, wadda ake auna yadi goman da ita, a ajiye ƙwallo. Tsaikon ɗan kaɗan ne, 'yan daƙiƙoƙi, amma ana samunsa sau da dama a kowane wasa, kuma shi ne yake bai wa wanda ke baya numfashi. A 2023 aka soke shi, sai a minti biyun ƙarshe kafin hutu da kafin tashi, aka kuma hana ƙungiya neman tsaiko biyu a jere, wanda ake yi domin a dagula wa mai bugu lissafi, kuma wannan na biyun ban ga mai kuka da shi ba. Masu kare gyaran suna cewa ai an bar minti biyun ƙarshe yadda suke. Amma ƙungiyar da ake bi maki 17 ba a minti biyun ƙarshe take farfaɗowa ba, tana farawa ne tun saura minti tara ko goma, kuma a daidai wannan tsakanin ne aka zare mata tsani, aka kuma sauƙaƙa wa wanda ke gaba cinye lokaci. Gaskiya ne raguwar yawan farmaki tana taimaka wa masu salon Army, ban musa ba. Sai dai su da dabararsu da juriyarsu suke ƙwato wannan ragin, yanzu kuwa an raba wa kowa kyauta, har da babbar ƙungiyar da ta yi gaba da wuri take son a tashi. A makon farko na dokar, Chip Kelly, wanda a lokacin yake UCLA, ya gaya wa 'yar jaridar talabijin lokacin hutu cewa farmaki huɗu kacal suka samu, yana fatan dai suna sayar da talla da yawa.

Hujjoji biyu aka bayar. Ta farko ita ce wasa ya yi tsawo, yana kusan kaiwa awa uku da rabi. Ta biyu ita ce lafiya, wato kowane yunƙuri karo ne, kuma wasan jami'o'i yana da yunƙuri wajen 180 idan aka haɗa na ɓangarorin biyu, sama da na NFL nesa ba kusa ba. Hujjar lafiya ba ta wasa ba ce, kuma ga mafi yawan ƙungiyoyi, waɗanda ke buga wasa 12 ko 13 su koma gida, ragin na gaske ne. Amma abin da aka yi hasashen ragewa bai wuce yunƙuri goma a wasa ba, wato ko an tara na kaka guda bai kai wasa ɗaya cikakke ba. A daidai lokacin ne kuma aka faɗaɗa gasar fitar da zakara daga ƙungiya huɗu zuwa 12 tun daga kakar 2024, har Ohio State ta buga wasa 16 kafin ta ɗauki kofi, a hanya ma ta rama wa kanta a kan Oregon da 41 da 21. Wanda ya rage wa ɗalibi karo kaɗan a kowace Asabar, sannan ya ƙara masa wasa guda ko biyu da ƙungiyoyin da suka fi kowa ƙarfi a tsakiyar hunturu, yana da wuya ya gamsar da ni cewa lafiyar ɗalibin ce ta hana shi barci.

Gyare-gyaren 2024 ma sun zo da nasu tasirin. An kawo tsaiko na dole idan saura minti biyu, kamar yadda ake yi a NFL, hukumar kuma ta ce ba ƙarin hutun talla ba ne, ɗaya ne daga cikin waɗanda ake da su aka kafe masa wuri. Ko da hakan ne, a fili ya zama tamkar tsaiko na huɗu ga wanda ke baya, kuma ya sauya lissafin durƙusawa, domin yanzu dole koci ya auna ko zai kashe tsaikonsa kafin minti biyun ko bayansu. An kuma yarda koci ya yi magana da ɗan wasa ɗaya ta na'urar da ke cikin kwalkwali, amma ana yanke layin idan saura daƙiƙa 15 a ƙaramin agogo. Wannan yana ƙarfafa masu hari su jeru da wuri domin koci ya ga tsarin tsaro ya ba da umarni, su kuma masu tsaro su ɓoye ainihin tsarinsu sai an yanke layin. Wato lambar da aka zaɓa, 15, ta haifi wata sabuwar kokawa a cikin kowane yunƙuri.

Abin da nake ganin ya kamata a yi bai da wuya. A mayar da tsaikon sarƙar awo a zango na huɗu gaba ɗaya, a bar sauran zangon uku yadda aka gyara su, ta haka an rage karo kuma ba a kashe farfaɗowa ba. Kada a zartar da wata dokar agogo sai an ba wasu masu horarwa aikin neman hanyar cin zarafinta, an kuma gwada ta a wasannin share fage na bazara. Idan kuwa tsawon wasa ne damuwar, to kowa ya san inda mintunan suke. A gefen fili akwai wani ma'aikaci mai jar hula wanda yake shigowa ya tsaya, kuma muddin yana tsaye alƙali ba zai busa a ci gaba ba, domin gidan talabijin bai gama talla ba. Irin wannan hutun ya haura goma a babban wasa, kowanne kuma yakan kai minti biyu da rabi zuwa uku. Na san dalilin da ya sa ba a taɓa shi, domin a 2022 rukunin jami'o'in Big Ten kaɗai ya ƙulla yarjejeniyar sama da dala biliyan bakwai da Fox da CBS da NBC na shekara bakwai, kuma da kuɗin talla ake biya. Duk da haka, zaftare daƙiƙa 30 daga kowane hutu zai rage sama da minti biyar a wasa ba tare da an cire yunƙuri ko ɗaya ba, kuma shugabannin rukunan jami'o'in suna da ikon sanya wannan sharaɗin a kan tebur duk sanda za a sabunta yarjejeniya.